Katin Sarki da katin Mutuwa sun fito tare: me masu tarot suke nufi da haka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a birnin Milan na ƙasar Italiya. Wata da muke zaune gida ɗaya da ita tana da irin katin nan da ake kira tarot. Ran nan muna hira ta ce in zaro guda uku don wasa, sai na zaro katin Babban Sarki da katin Mutuwa, na ukun ma ban tsaya na duba ba. Ta ce wai alama ce ta ƙarewar wani iko da kuma babban sauyi. Mahaifina yana fama da hawan jini a gida, kuma bana zai yi ritaya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mece ce ainihin ma'anar haɗuwar waɗannan katuna biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa a gama aiki lafiya. Bari in fara da abin da ya hana ki barci: takardar da kika zaro ba ta san Baba ba, ba ta san ciwonsa ba, ba ta kuma san ranar da zai ajiye aiki ba. Ni ba ɗan duba ba ne. Fannina tarihin zane-zanen Turai ne, ta nan na shiga nazarin waɗannan katuna, don haka zan gaya miki abin da masu karanta su suke faɗa, in kuma nuna miki inda suka samo shi. Ina ganin idan kika ga tushen abin, tsoron zai ragu da kansa.

Tarot (Faransawa suna furta shi "taro", amma ba ruwansa da taronmu na jama'a) kati 78 ne. Guda 56 irin kartar da kowa ya sani ce, gida huɗu. Sauran 22 su ne masu manyan hotuna, kuma a cikinsu naki biyun suke: Babban Sarki mai lamba 4, wanda Italiyawa ke kira Imperatore, wato irin Kaisar, da Mutuwa mai lamba 13.

Kusan tabbas wanda abokiyar zamanki take da shi kwafi ne na wanda aka buga a Landan a 1909, wanda Pamela Colman Smith ta zana bisa tsarin Arthur Edward Waite, domin shi ya fi yaɗuwa a duniya. In shi ne, ki tuna hoton Sarkin: tsoho mai farin gemu, zaune a kan gadon dutse da aka sassaƙa wa kawunan raguna huɗu, sanda a hannun dama, dunƙulen zinariya a hagu, jar alkyabba a sama, sulke a ƙarƙashinta, bayansa tsaunuka tsirara babu ko ciyawa. Masu karanta kati suna ɗaukarsa a matsayin uba, maigida, shugaban ma'aikata, hukuma, doka, da duk wani tsari da ya kafu. Wani lokaci kuma ba wani mutum daban ake nufi ba, halin mai tambayar ne na son komai ya bi ta hannunsa.

Katin Mutuwa kuwa ƙwarangwal ne sanye da baƙin sulke, bisa farin doki, riƙe da baƙar tuta mai farin fure. Akwai babban limamin coci a gabansa ya haɗa hannuwa yana roƙo, akwai budurwa da ta kau da kai, akwai ƙaramin yaro a durƙushe. Can nesa rana tana tsakanin hasumiyoyi biyu, da wani ɗan jirgi a kan kogi. Abin da yawancin mutane ba sa lura da shi, saboda firgita, shi ne abin da ke ƙarƙashin dokin: wani sarki ne kwance, kambinsa ya faɗi gefe cikin ƙura. Wato tun kafin a haɗa katunan biyu, mai zanen ta riga ta haɗa su a cikin kati ɗaya.

Daga nan fassarar da aka yi miki ta fito. Idan Sarki ya riga Mutuwa fitowa, sukan ce wani iko ko wani tsari ya kai ƙarshensa: shugaba zai sauka, za a bar wurin aiki, ɗa zai fita daga ƙarƙashin uba, ko kuma mutum ya saki abin da ya daɗe yana riƙe da shi gam. Idan Mutuwa ce ta riga, sai su juya labarin, su ce an riga an yi asarar, yanzu lokacin sake gini ne da kafa sabon tsari. Idan Sarkin ya fito kai a ƙasa, sukan ce mulkin danniya ne ko shugaba marar kataɓus. Idan Mutuwar ce kai a ƙasa, sai su ce sauyin ya zo amma an ƙi karɓarsa, an tsaya cik. Kusan duk masu wannan harka a yau za su gaya miki cewa katin Mutuwa ba mutuwar rai yake nufi ba, sauyi yake nufi. Ni dai a ganina wannan sassauci ne irin na ɗan kasuwa da ba ya son korar mai saye. Waite da kansa, a littafin da ya rubuta don bayanin katunan, ya ambaci sauyi da canzawa daga wani hali zuwa wani, amma da ya zo jera ma'anonin duba, ƙarshe da mutuwa da rushewa ya sa a gaba.

Akwai wasu dalilai biyu da suke kawowa don nuna cewa katunan nan 'yan uwan juna ne. Na farko lissafi: 13, in an haɗa 1 da 3, ya zama 4, lambar Sarki. Na biyu taurari. Wata ƙungiyar asiri mai suna Golden Dawn, da aka kafa a Landan a 1888, wadda Waite da Smith duk sun shiga, ta ba Sarki burujin Hamal, wato Rago (dalilin kawunan ragunan nan ke nan), ta ba Mutuwa burujin Aƙrab, wato Kunama. A tsohon ilmin taurari, burujan biyu duka a ƙarƙashin jan tauraron nan Mirrihu suke, wanda Rumawa suka danganta da yaƙi. Ita kuma ƙungiyar ta ba Mirrihu kansa katin Hasumiya mai lamba 16, inda tsawa ta faɗa wa dogon gini, ta tuge kambin da ke samansa, mutum biyu suna faɗowa. Shi ya sa idan Sarki ya fito da Hasumiya sukan ce faɗuwa ce ta ba-zata, irin ta juyin mulki ko tonon asiri, amma idan da Mutuwa ya fito, wa'adi ne ya cika. Ki lura dai, duk wannan ɗinki ne da wasu Turawan Ingila suka zauna suka yi a ƙarshen ƙarni na 19, shekaru fiye da 400 bayan an ƙirƙiri katin.

To, da me aka ƙirƙire shi? Da wasa. Wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, kuma kin yi dace, domin a garin da abin ya yi tashe kike zaune.

Ita karta kanta daga ƙasashen Musulmi ta shiga Turai, wajen shekarun 1370, kuma masana sun fi karkata ga cewa daga Masar ta zamanin Mamluk ta fito. Akwai ragowar irin wannan karta a fadar Topkapi da ke Istanbul, gidajenta huɗu: kofuna, kuɗi, takubba da sandunan wasan folo. Manyan katunanta su ne malik, da na'ib, da na'ib na biyu. Kalmar nan da muke cewa na'ibin liman, ita ce dai, kuma ana ganin daga gare ta tsofaffin Italiyawa suka samo naibi, Sifaniyawa kuma har yau suna kiran karta naipes. A farkon ƙarni na 15 wani a arewacin Italiya ya ƙara gida na biyar mai hotuna a kan huɗun nan. Rubutu mafi tsufa da ya ambace shi na 1440 ne, daga Florence, sai wani na 1442 a littafin kuɗin fadar Ferrara. Sunansa a lokacin carte da trionfi, katunan rinjaye. Sunan tarocchi sai wajen 1505 ya bayyana.

Ki riƙe kalmar rinjaye, domin ita ce mabuɗin tambayarki. A wasan, kusan kowane kati mai hoto yana cin duk wani kati na gidajen nan huɗu, kuma a tsakaninsu na sama yana cin na ƙasa. Jerin ya ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma fasalinsa ɗaya ne. Masu mulkin duniya, Sarki da Sarauniya da Fafaroma, suna can ƙasa-ƙasa. Sama da su akwai abubuwan da suke juya ɗan Adam: Soyayya, Sa'a, Tsufa, Mutuwa. Can ƙoli kuma Tauraro, Wata, Rana, da Tashin Alƙiyama. Saboda haka idan ɗan wasa a Milan na 1450 ya jefa Sarki, wani ya ɗora masa Mutuwa, ma'anar haɗuwarsu guda ɗaya ce tak: Mutuwa ta ci Sarki, mai ita ya kwashe katunan. Babu wanda ya tashi daga wurin yana tunanin mahaifinsa.

Amma ba a banza aka jera su haka ba. Mutanen da suka yi wannan kati jikokin waɗanda suka tsira daga annobar 1347 zuwa 1351 ne, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, kuma ta yi ta dawowa bayan nan. Zane-zanen zamanin cike suke da wa'azi ɗaya, wanda mu ma muka sani da cewa mutuwa rigar kowa. A bangon wata maƙabarta a Faris, babban birnin Faransa, wajen 1424 zuwa 1425, an zana abin da suke kira rawar mutuwa: ƙwarangwal suna jan mutane ɗaya bayan ɗaya, Fafaroma da Sarki a kan gaba, har zuwa manomi da jariri. Mawaƙin Italiya Petrarch kuma, tun a ƙarni na 14, ya yi doguwar waƙa mai suna Trionfi, inda Soyayya ta yi rinjaye, Kamun Kai ya rinjaye ta, Mutuwa ta rinjaye shi, Shahara ta rinjayi Mutuwa, Zamani ya rinjayi Shahara, Dawwama ta rinjayi kowa. Ba jerin tarot ba ne daidai-wa-daida, amma tunanin iri ɗaya ne. A katin da aka riƙa bugawa daga baya a Faransa, wanda ake kira na Marsel, lamba 13 galibi ko suna ba a rubuta mata, ƙwarangwal ne kawai da dogon lauje yana girbi, kawuna da hannuwa warwatse a ƙasa, ɗaya daga cikin kawunan da kambi.

Akwai wani kati da ya fi Mutuwa fito da maganar mulki fili, wato lamba 10, wili mai juyawa wanda Sa'a take tsakiyarsa idonta a ɗaure. A katin fadar Milan mutum huɗu ne a jikin wilin, kowa da rubutunsa na Latin. Mai hawa yana cewa zan yi mulki, na sama yana cewa ina mulki, mai gangarowa yana cewa na yi mulki, tsohon da ke ƙasa yana rarrafe kuma yana cewa ba ni da mulki. Duniya rawar 'yan mata ke nan, na gaba ya koma baya. Kuma masu sarautar da kansu suka biya aka zana musu wannan da ruwan zinariya, suna wasa da shi bayan cin abinci.

Su ma ba su tsira daga wilin ba. Filippo Maria Visconti, mai mulkin Milan, wanda aka yi wa wasu daga cikin tsofaffin katunan da suka rage, ya rasu a watan Agustan 1447 bai bar ɗa namiji da zai gaje shi ba. Nan take manyan gari suka shelanta jamhuriya, aka rushe ganuwar fadarsa. Jamhuriyar ba ta cika shekara uku ba. Francesco Sforza, sojan haya da ya auri 'yarsa Bianca Maria a 1441, ya yi wa garin ƙawanya har yunwa ta sa aka buɗe masa ƙofa a farkon 1450. A zamaninsa aka yi katin da ake kira Visconti-Sforza, wanda ake danganta yawancin zanensa ga wani mai zane, Bonifacio Bembo, katin kuma yana ɗauke da tambarin gidajen biyu. Guda 74 cikin 78 sun kai zamaninmu. Hasumiya da Shaiɗan suna cikin huɗun da babu.

Duba da wannan kati ya zo ne a makare. A 1781 wani malami a Faris, Antoine Court de Gébelin, ya ga ana wasan a gidan wata mata, sai ya rubuta cewa ya gane hotunan, wai ɓoyayyen littafin bokayen tsohuwar Masar ne. Ba shi da hujja ko ɗaya, kuma a lokacin babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni, domin sai a 1822 wani masani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware shi, kuma ba a sami tarot a ciki ba. Amma labarin ya yi daɗi, ya karɓu. Wani mai suna Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya mayar da abin sana'a, ya buga littattafan ma'anoni da katinsa na duba kafin ƙarshen shekarun 1780. Wani Bafaranshe mai rubutu kan asiri, Éliphas Lévi, ya zo a shekarun 1850 ya haɗa katuna 22 da haruffan Ibrananci 22, daga nan abin ya haye Ingila. Masanin falsafa na Oxford, Michael Dummett, ya bi diddigin wannan tarihi a wani ƙaton littafi a 1980. Har gobe a Faransa ana wasan tarot kamar yadda ake karta, da gasa da hukumar ƙasa da aka kafa a 1973, kuma yawancin masu yin sa ba ruwansu da duba.

Na san abin da zuciyarki take cewa: to me ya sa ni ya fito mini, kuma ya dace da halin da nake ciki? Daga kati 78 ana iya haɗa biyu-biyu har kala 3003. Yiwuwar Sarki da Mutuwa su fito tare a cikin kati uku ɗaya ce cikin 1001. Idan manyan 22 kawai aka ba ki, ɗaya ce cikin 77. A shimfiɗar kati goma da suke yawan yi, kusan ɗaya ce cikin 67. Ga mutum ɗaya abin kamar da wuya, amma ki tuna yawan masu zaro kati a duniya kowace rana, dole wasu su dace da shi. Kuma da wasu biyun kika zaro, su ma da an sami abin faɗa, domin babu haɗi ko ɗaya cikin 3003 ɗin nan da aka bari ba ma'ana.

Dacewar kuma ke kika kawo ta. Wane ne ba shi da wani mai iko a kansa? Wane ne kuma babu wani abu da yake ƙarewa a rayuwarsa? "Ƙarewar wani iko da babban sauyi" riga ce da za ta shiga kowa: wanda ya gama makaranta, wanda aka canza wa shugaba a ofis, matar da aurenta yake tangal-tangal, ɗan ƙasar da ake shirin zaɓe. A 1948 wani malamin ilmin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, ya ba kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewar daga 0 zuwa 5, matsakaicin abin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Takardar iri ɗaya ce ga kowa, kuma daga littafin duban taurari na bakin titi ya tsinto jimlolin. Ke kin zauna da damuwar Baba a ranki tun kafin a fito da kati. Kika ga tsoho mai farin gemu, kika ga ƙwarangwal, sauran labarin zuciyarki ta ƙarasa. Kin ce ma na ukun ba ki duba ba. Da kin duba kin ga Rana, wadda suke ɗauka a matsayin farin ciki da lafiya, da wani labarin kika kawo mini.

Wasu a Turai suna cewa su ba gaibu suke nema ba, hotunan kawai suke amfani da su don su yi tunani a kan rayuwarsu, kamar mai duba madubi. Na fahimci maganarsu, kuma gaskiya hotunan suna sa tunani, don haka aka zana su. Sai dai abin da ya same ki ya nuna inda gizo yake saƙa. An ce miki wasa ne, kika zaro, ga shi kwanaki ba ki yi barcin kirki ba. Da zarar an cakuɗa kati an ce "wannan naki ne", an fita daga kallon zane an shiga gidan duba, ko da da dariya aka shiga. Ba shi da bambanci da bugun ƙasa ko watsa wuri, illa shi an yi masa kwali mai kyau. Fatawa ba fannina ba ce, ki tambayi malamai, amma abin da kowa ya sani ne cewa Suratun Namli aya ta 65 ta ce babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya ce rai bai san abin da zai aikata gobe ba, bai kuma san ƙasar da zai mutu ba. Akwai kuma hadisin nan na Sahihu Muslim game da wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, cewa ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. In ta sake fito da su, ki ce mata kin gode, ba sai an yi faɗa ba.

Game da Baba, damuwarki tana da tushe, amma tushen hawan jini ne da ritaya. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana fita aiki, ana jiran sa hannunsa, ranar da ya wayi gari babu inda za shi ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, ko bai faɗa ba, kuma irin iyayenmu ba sa faɗa. Ki kira shi, ki tambaye shi yaushe aka auna jininsa na ƙarshe, nawa aka samu, yana shan maganin kullum ko sai ya ji ciwon kai. Ki tambayi Mama a gefe, ita za ta gaya miki gaskiya. Ki kuma tambaye shi me yake shirin yi bayan ya ajiye aiki, ki bar shi ya yi ta bayani.

In kuma hotunan ne suka ba ki sha'awa, ki je ki gan su a inda suke. Guda 26 na katin Visconti-Sforza suna gidan tarihi na Accademia Carrara a Bergamo, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Milan, 35 suna ɗakin karatu na Morgan a New York, ragowar 13 suna hannun wani gida na Bergamo. Ki fara bincikawa ko an fito da su kafin ki tashi, domin irin waɗannan takardu ba sa son haske, ba kullum ake baje su ba. Fadar nan ta jan bulo da ke tsakiyar Milan kuwa, Castello Sforzesco, wadda na tabbata kin sha wucewa ta gabanta, ita ce wadda Sforza ya fara sake ginawa a 1450 a kan kangon ta surukinsa.